Garejin da ya canza min kwanbatar giyar Camry a Kano, yadda naga aikinsu

Duk mai Camry ƙirar 2012 zuwa 2014 mai inji 2.5 da motarsa take wata irin karkarwa in ya kai gudun kilomita 40 zuwa 80 a awa, dan Allah kafin ya yarda da maganar "giya ta tafi sai dai a sa Beljiyam" ya sa a duba masa kwanbata tukuna, wato torque converter, abin da yake zaune tsakanin inji da giyar otomatik. Ni tawa 2013 ce, kuma an canza min kwanbatar a wani garejin masu giyar otomatik da ke ta wajen Ƙofar Ruwa, can bayan layin masu kayan mota, shine nace bari in rubuta yadda aikinsu yake tun daga karɓar mota har miƙa mukulli, abin da ya burge ni da wanda bai min ba, saboda nasan mutane da yawa suna fama da wannan ciwon suna ta zuba kuɗi a inda ba nan matsalar take ba.

Yadda abin yake shine, da safe ka tada mota lafiya lau, silo ɗinta tsaf, ribas yana shiga ba bugu, in ka take ta da ƙarfi ma tafiya take abinta. Sai ka hau titi mai kyau ka sassauta ƙafa kana ɗan taka totur a hankali, irin tafiyar da mutum yake yi a titin Zariya in ya wuce Na'ibawa, to nan ne zaka ji ƙasan motar ya ɗauki rawa, girrrr, daƙiƙa biyu ko uku, kujera da sitiyari duk suna karɓa, sai ta saki. Ka ƙara wuta ta ɓace, ka ɗaga ƙafa ta ɓace, ka koma tafiyar hankali ta dawo. Kuma abin da yake rikita mutane fitilar cek ba ta kawowa ko sau ɗaya, shi yasa kowane bakanike da nasa fassarar, wannan yace fulogi da koyil, wancan yace kujerar inji ce ta mutu, wani yace kaje ayi balansin taya, akwai ma wanda ya jona kwamfuta mota tana tsaye a inuwa yace ba kod ko ɗaya dan haka lafiyarta ƙalau. Wanda yafi ɓata min rai shine wani da ko zama cikin motar bai yi ba, daga jin bayanina kawai yace giya ce Alhaji, a sauke a kawo ta Beljiyam gaba ɗaya, har ya fara kiran waya yana tambayar farashi.

Wani abokin aikina mai Highlander ne ya kwatanta min wannan garejin, yace su giya kawai suke yi basa taɓa inji basa taɓa ƙafa. Wurin ba wani girma gareshi ba, rumfar kwano ce da rami ɗaya da kuren na ɗaga inji, sai wani ɗan ɗaki a ciki mai ƙofa inda suke buɗe giya, yara kuma suna kiran maigidan Injiniya, nima haka na bi. Mutum ne marar yawan magana, da na gama zayyano masa komai sai kawai yace "Yallaɓai muje mu hau titi, wannan a tsaye ba a ganinta." Ya ɗauko kwamfutarsa ya jona, ya zauna a gefena ni nake tuƙi, muka fita har muka samu titi miƙaƙƙe inda ba cunkoso. Abu biyu yake kallo a allon, juyin inji da juyin da yake shiga cikin giya, sannan da wurin da yake nuna ko kulochin cikin kwanbata ya kama ko bai kama ba. Rawar tana farawa yace kar in ɗaga ƙafa daga totur, in sa ƙafar hagu in ɗan taɓa birki kaɗan, iya yadda fitilar baya zata kama kawai. Ina taɓawa wallahi rawar ta ɗauke nan take. Muka sake, haka dai. Yace to ka gani, birki yana sa kwamfutar mota ta saki wancan kulochin, in da fulogi ne ko shaf ko taya babu ruwansu da taɓa birki, zasu ci gaba da rawarsu. Duk da haka bai tsaya nan ba sai da ya buɗe wajen da yake ƙirga faɗuwar wuta a kowace silinda ya nuna min sifili ne a duka huɗun, saboda yace inji mai misfaya ma yana iya yin rawa mai kama da wannan a lokacin da kulochin ya kama, kuma ya sha ganin an sauke giya a banza saboda koyil ɗaya. Tun daga nan hankalina ya fara kwanciya dashi.

Da muka dawo ya shigar dani ɗakin nan ya ɗauko wata tsohuwar kwanbata da suka yanka gida biyu suka ajiye a kan benci dan nuna wa kwastoma, kuma gaskiya wannan dabara ce mai kyau dan ni sai ranar na fahimci me nake shirin biyan kuɗinsa. A waje kamar ƙwarya biyu ce ta ƙarfe da aka haɗa bakinsu aka bi da walda, tana zaune tsakanin inji da giya, ita ce take maye gurbin kulochin da mai manuwal yake takawa da ƙafa. A ciki akwai fuka-fukai kashi uku. Na farko manne suke da jikin kwanbatar, inji ne yake juya su suna watsa man giya da ƙarfi, na biyu suna fuskantarsu, man da aka watso ne yake tura su su kuma su juya sandar da ta shiga giya, wato babu ƙarfen da ya haɗa su sai mai, shi yasa kake iya tsayawa a danja mota tana D ka taka birki inji bai mutu ba. Na ukun ƙarami ne a tsakiya, yana juyawa ɓangare ɗaya kawai, ɗaya ɓangaren a kulle yake, aikinsa ya karkato da man da ya dawo ya ƙara wa na farko ƙarfi lokacin tashi, shine yake ba mota wannan ƙarfin fizgar in zata bar wuri. To amma tura abu da mai kawai akwai asara, yana shan fetur yana kuma ɗora zafi, shi yasa aka ƙara wani faranti mai faiba a bakinsa wanda in mota ta miƙe kwamfuta take matse shi ya manne da jikin kwanbatar, inji da giya su zama abu ɗaya. Injiniya ya sa yatsana a kan faibar wannan tsohuwar, wani wajen santsi yana ƙyalli wani wajen baƙi ya ƙone, ƙarfen da take gogawa ma duk tabo-tabo shuɗi na zafi. Yace a irin Camry ɗinku Toyota ta tsara kulochin ya fara kamawa tun a ƙaramin gudu, kuma ba kamun gaba ɗaya ba, yana ɗan sulɓewa da gangan dan a rage shan mai, to in faibar ta gaji ko man ya tsufa sai ya koma kama-saki kama-saki da sauri, wannan shine rawar da kake ji a kujera.

Kuma ba ƙirƙirarsa bace, Toyota da kanta ta amsa wannan matsalar a Amurka a kan Camry 2012 zuwa 2014 masu giyar U760E mai hawa shida, har ta ƙara wa kwanbatar garanti zuwa shekara 8 ko mil 150,000, gyaran da suke yi a lokacin kuma shine canza kwanbata da ƙara mayen ƙarfe a tasar ƙasan giya da sabunta manhajar kwamfutar mota. Mu nan da muke sayen motocin bayan sun sha tafiya an shigo dasu ta Kwatano ko Legas wannan garantin bai shafe mu ba, lokacinsa ma ya wuce, wasu motocin an musu gyaran tun can wasu kuma haka aka loda su a jirgi da ciwonsu, su zo su haɗu da zafin Kano na watan Afrilu da gosulo da man giyar da ba a taɓa canzawa ba.

Abin da ya ƙara min yarda dashi, bai ce a kawo kwanbata ba sai da ya sa aka kwance tasar ƙasan giya ya duba. Yace in ya samu ɓarɓashin ƙarfe manya ko faiba ta zube da yawa to cikin giyar ma ya taɓu, canza kwanbata kaɗai asarar kuɗina ce kuma shi bazai yi ba. Man ya fito baƙi-baƙi amma ba warin ƙuna sosai, mayen ƙarfen da ke tasar sun kwashi laushin toka irin wanda aka saba gani, ya murza a yatsa ya ɗiga a farar takarda ya kai rana muka duba tare, babu ƙyalƙyalin ƙarfe. Yace Alhamdulillah giyarka tana da rai. Ya kuma gaya min gaskiya cewa wasu in rawar bata yi nisa ba canjin mai kawai yana rage ta ko ya ɗauke ta na wani lokaci, in ina so a fara gwada hakan to, amma yadda yaga tawa tana yi a allo baya tsammanin zai ɗore. Na zaɓi ayi aikin gaba ɗaya saboda ina yawan bin hanyar Kaduna da iyali.

Maganar wace kwanbata za a sa nan ne muka daɗe. Ta Beljiyam tafi araha nesa ba kusa ba kuma a ranar za a samo ta a kasuwa, amma ya nuna min iyakar abin da ake iya dubawa a jikinta, zaka sa yatsa ka juya haƙoran tsakiya kaji ko suna tafiya ɓangare ɗaya suna kullewa a ɗayan, zaka duba wuyanta inda sil yake kamawa ko ya yi zane, zaka tsiyaye man da ya rage ciki ka ga launinsa, shikenan. Faibar da ita ce asalin matsalar tana cikin walda babu mai ganinta, kuma in daga Camry irin wannan shekarun aka ciro ta to mai yiwuwa ciwo ɗaya suke da tawa, a sha wahalar sauke giya a mayar bayan 'yan watanni rawa ta dawo, kuɗin aiki kuma sabo. Akwai kuma masu yanka tsohuwar su canza faiba su sake walda, yace aikin yana yiwuwa in akwai injin da zai daidaita ta ya kuma gwada yoyo, amma ta hannu da ido bai yarda da ita ba dan in ta karkace ko kaɗan zata ci bushin famfon mai. Daga ƙarshe sabuwa muka yi oda daga wani dila a Legas da yake hulɗa dashi, ya ɗauki lambar shasi ya tura, da ta iso ya kira ni kafin a buɗe kwalin muka haɗa lambar jiki da wadda ya rubuta.

Jiran nan ne farkon abin da bai min daɗi ba. Ranar da aka ce kaya zai iso bai iso ba, aka ce gobe, goben ma aka ce direba bai taso ba, kuma Injiniya mutum ne da in yana aiki baya ɗaga waya, sai ka kira ka kira sannan can da dare ya biyo ka. Na yarda jinkirin mota daga Legas ba laifinsa bane amma saƙo ɗaya a WhatsApp bazai gagara ba, mutum ya bar motarsa yana hawa adaidaita da yara zuwa makaranta yana buƙatar sanin inda aka kwana.

Ranar aikin na je na zauna, basu hana ni ba. Camry jan gaba ce dan haka sauke giyarta ba ƙaramin aiki bane, batir ya fita, akwatin iska ya fita, wayoyi da kebul ɗin giya da bututan mai, tayoyin gaba da shaf duka biyun, sannan a riƙe inji ta sama a sassauto ƙarfen da yake ɗauke dasu ta ƙasa. Naga yaran suna zuba notinan kowane waje a gwangwaninsa daban, ba a ƙasa cikin rairayi ba, kuma duk bututun da aka cire sai an toshe bakinsa da leda an ɗaure. Kafin a raba giya da inji sai da aka kwance notina shida da suke haɗa kwanbata da filaiwil, wato farantin ƙarfen da ke bayan inji, ana juya inji da hannu ana ciro su ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar kafa, saboda kwanbatar ta biyo giya su fito tare, ba a barta a jikin inji a fizge giya ba. Da giyar ta sauka aka kaita ɗakin ciki aka rufe ƙofa saboda ƙura, lokacin ma hunturu ne iska tana ta kwaso ƙasa. Ya haska filaiwil da tocila yana neman tsagewa a kewayen notinan tsakiya, ya duba sil ɗin bayan inji ko yana jiƙewa tunda an riga an buɗe wajen, duka lafiya. Sil ɗin gaban giya inda wuyan kwanbata yake shiga kuwa bai ko tambaye ni ba ya canza, yace wannan ba a mayar da tsoho, ɗan ƙaramin abu ne amma in ya yi yoyo sai an sake sauke komai.

Zaman kwanbata a cikin giya shine wajen da naga bai bar wa yara ba, da hannunsa yayi. Ya fara zuba sabon mai a cikinta yana juyawa a hankali har ya shige, ya shafa mai a wuyanta da bakin sil, sannan ya ɗauke ta da hannu biyu ya saita ya tura yana juyawa. Ta shiga ta tsaya, ni a ganina ta gama. Ya ci gaba da juyawa yana ɗan ɗaga ta, sai naji ƙwas ta ƙara shigewa, ya sake juyawa ya daɗe a wannan karon har gumi yana ɗiga, sai wani ƙwas ɗin ta faɗa can ciki sosai har yatsa baya shiga bayanta. Yace abu uku ne dole ta hau, haƙoran sandar giya, haƙoran da suke riƙe ƙananan fuka-fukan tsakiya, sannan na ƙarshe kunnuwan famfon mai, kuma na ƙarshen nan ne yake kashe wa mutane giya, yaro ya ga ta shiga biyu ya ɗauka ta zauna, a ɗaga giya a ga bata haɗe da inji ba saura ɗan tazara, sai a ce a ja da noti, to jan nan da noti shine yake fasa famfon, ana tada mota ko motsi ba zata yi ba ko kuma ta yi kwana biyu ta tsaya, sai a ce wa mai mota kayan da ya sayo ne ba kyau. Bai ma yarda da jin ƙarar kawai ba, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin giyar ya auna zurfin da kwanbatar ta shige, ya je jikin inji ya auna yadda filaiwil ya fito, yace dole na giya ya fi na inji da aƙalla milimita 1, ya nuna min lambobin biyu a ma'aunin. Da aka ɗaga giyar kuwa da hannu ta haɗe da inji har baki ya taɓa baki kafin a sa noti ko ɗaya, ya kuma zura yatsa ta kafar nan ya juya kwanbatar tana yawo sakayau. Cikin notina shidan akwai ɗaya baƙi, shi ya fara sawa dan shine yake saita sauran, sannan ya bi su duka da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ba da bututu a kan sifana ana hawa da ƙafa ba.

Kafin a mayar da bututan sun wanke layin da yake kai mai wajen sanyaya shi, suka tura sabon mai ta ciki har ya fito da tsabta, dalilinsa shine duk dattin tsohuwar faiba can yake maƙalewa, in ba a fitar ba sabuwar kwanbata ce zata shanye shi. An sa sabuwar filta da gasket, an wanke tasa, an ƙara mayen ƙarfe. Mai kuwa ATF WS ne na Toyota, kuma a kan wannan baya wasa ko kaɗan, yace in na kawo nawa daga kasuwa zai zuba amma babu garanti, saboda jabun ya yi yawa, galan iri ɗaya rubutu iri ɗaya abin ciki daban, ga kuma masu zuba jan mai guda ɗaya wa kowace mota Toyota ce ko Honda ce ko Peugeot, alhali santsin kowanne daban ne kuma kulochin nan da santsin mai yake aiki. A gabana aka fasa murfin kowace roba.

Wannan giyar bata da sandar duba mai irin ta tsofaffin Camry, ta gefe ake zubawa, a ƙasa kuma akwai wani noti mai ɗan bututu a ciki da yake zubar da rarar. Sai mota tana kunne a wuri mai daidai, an bi da giya P, R, N, D an dawo, zafin man ya kai wajen digiri 40, sannan a buɗe a bari ya zuba har ya koma ɗigo a rufe. Da kwamfuta yake kallon zafin, da ya ga ya wuce kafin su gama sai ya kashe motar muka jira ta huce, a lokacin har magariba ta gabato ni na ƙagu in tafi amma yace in aka auna da zafi man zai yi ƙasa da yadda ake so. Bayan nan ya goge abin da kwamfutar giya ta haddace na tsohuwar kwanbata muka fita ya tuƙa a hankali tana hawa giya ɗaya bayan ɗaya dan ta sake koyo. Ya kuma duba lambar manhajar motar yace tsohuwa ce ba a sabunta ta a Amurka ba, shi baya yin wannan aikin dan in wuta ta yanke ana tsakiyar yi kwamfutar mota zata iya mutuwa, ya haɗa ni da wani mai Techstream, wato manhajar Toyota ta duba motocinta, da yake da na'urar riƙe batir, can aka yi min daga baya. Naji daɗin da bai ce ya iya abin da bai iya ba.

Sakamako dai, rawar ta tafi gaba ɗaya. Na bi da ita Zariya da Kaduna, na yi ta gwada wannan tafiyar hankalin a 50 da 60 da 70 da AC a kunne da kuma a kashe, shiru kake ji, allurar juyin inji tana sauka ta zauna wuri ɗaya ba ta wannan ɗan rawar da take yi a da. Farkon kwanakin canjin giya daga ta biyu zuwa ta uku yana ɗan jinkiri, ya riga ya gaya min za a ga haka, kuma ya daidaita da kansa. Ƙasan mota a bushe, inda nake fakin ko ɗigo babu.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma a faɗe su. Yaran sun bar baƙin mai a sitiyari da hannun ƙofa da gefen kujera, motar da kujerunta masu haske ne wannan ba daɗi, leda ko tsohuwar jarida da sun shimfiɗa ta wadatar. Robar da take rufe ƙasan inji sun mayar da ita da ƙulli biyu babu, sai da naji tana kaɗawa a hanya na koma suka sa, ba musu sun bada haƙuri. Sitiyari ya ɗan karkace bayan aikin tunda an taɓa ƙarfen ƙasa, dole sai da naje alaimen, wannan kuma ya kamata a gaya wa mutum tun farko ya sa a lissafinsa. Wurin zama babu sai benci ɗaya a rana, in zaka kai mace ko dattijo su jira gara kar ka fara, ga hanyar shiga layin a matse take da masu sauke kaya, mai ƙasan mota gajere ya bi a hankali.

Kuɗin aikinsa ya fi na sauran wuraren da na tambaya kuma baya ragi, in ka ce Injiniya a duba mana sai yayi murmushi yace Yallaɓai haka yake. Amma da na haɗa komai, sabuwar kwanbata da mai da filta da sil da aiki da manhaja da alaimen, bai kai abin da aka yanka min na giyar Beljiyam da ɗorawa ba, ita kuma Beljiyam ɗin da tsohuwar kwanbatarta zata zo wadda ba wanda ya san cikinta. Rasit basa bayarwa sai ka nema, ni na nema ya rubuta min kayan da aka sa ɗaya bayan ɗaya da lambar mita da sharaɗin garantinsa ya sa hannu, ya kuma zuba min tsohuwar kwanbatar a but yace kayana ne.

Wanda zai je ya tafi da sassafe kafin motoci su taru dan gwajin titin nan da kansa yake yi kuma in rana ta yi baya samun fita, ya tafi da fetur a mota wanda zai isa zagaye mai ɗan nisa, kar kuma ya bari a goge masa kod ko a cire kan batir kafin yaje. Toyota da Lexus da Honda naga sun fi yawa a wurin, na kuma ji yana mayar da wani mai Nissan yace baya taɓa CVT, wato giyar otomatik marar hawa-hawa. Ni ya ce in dawo bayan na ɗan yi tafiya da ita a sake tsiyaye man tasa a ƙara sabo saboda ragowar tsohon da ya saura a cikin giya, daga nan kuma kar in ƙara yarda da maganar cewa man WS ba a canza shi, a yanayin zafinmu da gosulo ya ce duk kilomita 40,000 zuwa 50,000 in kawo ta.